Ragon Suna a Bayan Babur

A kakar da Turawa suka fara ɗaure kayansu za su koma gida, mutanen Tambuwal sun ga abubuwan mamaki iri-iri, amma ba su ga wanda ya kai Malam Armaya'u a kan babur ba.

Armaya'u malamin awon auduga ne, mutumin Sanyinna, aiki ya kawo shi Tambuwal. Dogo ne siriri, ga maƙogwaro kamar ya haɗiyi goruba ta tsaya a hanya, ga baki da ba ya zuwa hutu. Wani Bature mai awon hanya ne ya sayar masa da tsohon baburinsa da zai tafi, ya haɗa masa da jakar sifana da filaya. Tun daga ranar Armaya'u ya hana a kira shi malamin auduga. Injiniya ne sunansa. Tafiyar Injiniya kuwa ba ta wuce daga gida zuwa ofis, daga ofis zuwa rumfar Sidi tela inda ake hirar la'asar ba, nisan da in ka yi atishawa a wannan gefe za a yi maka addu'a a wancan.

"Ni da injin ga jininmu ɗaya," in ji shi, yana shafa tanki kamar wuyan doki. "Tari kawai za shi yi in faɗa maka abin da yac ci."

Sidi bai ɗaga kai daga keken ɗinki ba ya ce, "Injiniya, shekaranjiya da kunka faɗa cikin kwata, mi yac ci?"

"Gwaji ni ka yi. Ina son in san zurfinta."

Ana cikin haka matar Armaya'u, Safara'u, wadda ta tafi gidan iyayenta a Kebbe goyon cikin fari, ta sauka lafiya, namiji. Na'Allah, ƙanen surukinsa, shi ya zo da albishir a kan jakinsa, ya kuma zo da saƙon da ya fi albishirin nauyi. Surukin nan, Malam Maccido, manomi ne mai garken shanu da sanyin murya, irin mutanen da ba a taɓa jin sun ɗaga harshe ba, ba a kuma taɓa jin sun faɗi a gardama ba.

Na'Allah ya ce, "Yaya Maccido ya ce a yi maka barka. Ya ce ya ji kana faɗi gari-gari za a sa ma yaro sunan mahaifinka, Abdulkarimu. Shi ko sunan namu mahaifi shi ka so, Almustafa. Ya ce tsakanin mutum da suruki nai ba a jayayya, don haka ga sulhu: mai rago shi ad da suna. In ragonka ya iso ƙofar gida kafin liman shi shafa fatiha, to, Abdulkarimu. In ko bai iso ba, nashi na nan ɗaure ga turke, ya ƙoshi."

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Tun cikin yana wata uku Armaya'u ya je Sanyinna ya rantse wa tsohuwarsa cewa in namiji ne zai mayar mata da sunan mijinta marigayi, har ta yi kuka ta sa masa albarka, ta kuma bi gida-gida ta faɗa. Ragon ma ita ta kiwata, fari ƙal mai baƙin wuya, da ƙaho nannaɗe kamar gammo.

Na'Allah, da yake mutumin kirki ne, ya ce, "Ka ba ni shi yanzu in tafi da shi bayan jaki, shi kwana biyu can shi huta."

"Jaki!" Armaya'u ya miƙe tsaye. "A shekarar 'yancin kai ragon ɗana shi bi bayan jaki? Ranar suna nan Tambuwal za ni sallar asuba, in ɗora shi ga babur, kafin mata su sauke kunu ina Kebbe. Ka ce ma Malam shi ci gaba da ba nashi ragon dusa. Layya na zuwa."

Sidi ya ce, "Kai ko kunya? Uban ɗan fari ɓuya shi ka yi ranar suna. Kai da ganga za ka shiga gari."

"Kunya ta shiga jirgi da Turawa."

Ana gobe suna, da la'asar, ya turo babur gaban rumfar Sidi ya ce zai yi masa cikakken bincike, kowa ya matso ya ƙaru. Ya shimfiɗa sifanu a kan tabarma kamar wanzami. Ya ɗauko garwar fetur ya ɗura wa tanki har ya kawo iya wuya. Da ya ɗauki murfin zai rufe sai ya tsaya cik, ya kai shi saitin rana, ya kanne ido ɗaya.

"La'ilaha illallahu! Jama'a, ku zo ku ga ha'incin Nasara!"

Aka taru. A tsakiyar murfin akwai ɗan huji, bai fi na allura ba.

"Shi ya sa mai ka ƙarewa ba dalili! Shekara da shekaru fetur na gudu sama, Bature bai gani ba, ga shi da tabarau!"

Sidi ya ce, "Ƙila da gangan anka yi shi."

"Kai ka taɓa ganin tulun da anka huda da gangan? Ko goran nono? Abin da duk yah huje, liƙe shi a kai. Ku samo mani kakin zuma."

Aka samo. Ya narka shi a cokali, ya ɗiga, ya danne da babban yatsa, ya ƙara wani a kai don kada a ce ya yi rowa.

To, ga abin da Injiniya bai sani ba. Wannan ɗan hujin shi ne hancin tanki. Ta nan iska ke shiga ta maye gurbin man da inji ya sha. In aka toshe shi, tanki ya zama butar da aka danne bakinta da tafin hannu: ta ɗan tsiyaya, ta ɗan tsiyaya, sai ta ɗauke, ko da cike take fal, sai an ɗaga hannu ta sake zuba. Wato Injiniya ya shaƙe baburinsa da hannunsa, jama'a na ta yi masa sannu da aiki.

Da gari ya waye aka ɗaure rago ƙafa huɗu, aka gicciya shi a bayan babur, aka rataya ƙunshin goro a gefe. Armaya'u ya sha babbar riga fara mai aska biyu, ya kafa hula, ya ɗora tabaran Bature. Bugu ɗaya inji ya tashi. Ya zagaya rumfar Sidi sau biyu ba don komai ba, sannan ya miƙi hanyar Kebbe.

Bai gama wuce gonakin bayan gari ba babur ya yi tari, ya yi shaƙuwa, ya yi shiru.

Ya buga. Shiru. Ya sake bugawa. Rago ya ce, "Mbaa."

Sai ga wata mata tafe da ƙwaryar fura a ka, Fatsuma, za ta wani ƙauye a gaba. Ta tsaya ta dube shi sama da ƙasa.

"Sannu da hutawa, Malam. Har kun gaji?"

"Ba gajiya ba ta, baiwar Allah. Bincike ni ka yi."

"Af. Na ɗauka mutuwa yay yi."

"Inji ba ya mutuwa ga hannuna. Shawara shi ka yi."

Ya buɗe murfin tanki don ya tabbata man na nan. Murfin ya ce fiii, kamar mai nutso ya ɗago kai. Mai na nan fal. Ya rufe, ya tsuguna, ya ƙura wa ɗan famfon da ke ƙarƙashin tanki ido, wanda ake murɗawa a buɗe mai ko a rufe.

"Na kama ɓarawo! Wanga munafuki shi ka rufe kai nai in an shiga gargada."

Ya ciro waya ya ɗaure famfon a buɗe, ya murɗe ta da filaya, ɗaurin da ko maƙeri sai ya yi gumi kafin ya kwance. Ya buga. Da yake tanki ya riga ya shaƙi iska, inji ya tashi.

"Kin gani? Ki ba da labari!"

Ya bar ta cikin hayaƙi.

Wannan karon an ɗan taɓa tafiya, don mai ya ragu, tanki ya sami ɗan wurin ajiye numfashi. Injiniya ya ce aikinsa ne. Har ya fara rera wa kansa kirari, yana shirya yadda zai tsaya a ƙofar gidan Maccido, sai tari, sai shaƙuwa, sai shiru, a tsakiyar yashi.

Ya sauka ya jingina babur a kan ƙafarsa ta ƙarfe. Rago, wanda ya gaji da kallon duniya a gicciye, ya yi wani irin miƙa. Ƙafar ta nutse cikin yashi, babur da rago da goro suka kwanta gaba ɗaya. Da ya ɗaga, sai ya ga hannun kuloci ya karye ya rage ɗan guntu. Ya dube shi, ya jefa cikin aljihu.

"Kuloci na 'yan koyo na. Gwani ba ya bukata tai."

Ya kwance fulogi ya hura, ya lasa, ya mayar. Ya ƙwanƙwasa salansa ya kara kunne. Ya daɗe yana zagaya babur yana yi masa tambayoyi. Yana cikin haka sai ya ji murya a bayansa.

"Malam, har yanzu shawarar ba ta ƙare ba?"

Fatsuma ce, ko gumi ba ta yi ba.

"Ke ba ki da wata hanya sai wagga?"

"Hanyar Sarki ta. Ka kawo ragon in kama maka, ka ga ni ban tsayawa."

"Ki riƙe furarki. Ciwo na biyu na gano. Birki na. Kin ga sandan ga? Shi ka riƙe ƙafar baya awa dabaibayi. Inji na son tafiya, shi yana ja da baya. Dole zuciya tai ta ɓaci."

"In ka cire abin tsayawa, da mi za ka tsaya?"

"Baiwar Allah, tun safe matsalata tsayawa ta ko tafiya?"

Fatsuma ta gyara zaman ƙwaryarta. Ya kwance sandan birkin baya ya soke cikin jaka. Na gaba kuwa tun zamanin Bature ba ya ci. Kafin ya hau ya sake leƙa mai, murfi ya sake cewa fiii, ya buga, ya tura da ƙafa ya danna giya da ƙarfi, babur ya zabura.

Rana ta ɗaga. Can Kebbe an riga an shimfiɗa tabarmi.

Mutuwa ta uku ta same shi a bakin wata korama, ana hango rumbunan Kebbe, gaban wasu magidanta da ke yankan gero. Suka ajiye aiki suka taho, don ba kullum ake samun kallo kyauta ba. Ganin jama'a sai Injiniya ya ji ƙarfi. Ya cire murfin tanki ya ɗora a kan sirdi, ya nuna musu fetur, ya ce su sansana amma kada su taɓa.

Wani dattijo a cikinsu ya ce, "Ko dai sammu anka yi mai?"

"Baba, zamanin sammu ya wuce. Wanga ilimi na."

"To ilimin ya ce mi?"

"Ya ce a yi mani shiru."

Ya buɗe kan kafireto, inda ake cuɗa mai da iska, ya zaro wani ɗan sifirin mai lanƙwasa kamar tsutsa. Ya ɗaga shi sama kamar wanda ya ciro sihiri daga bango.

"Ga uban tafiyar! Ni ina murɗa totur in ba shi wuta, wanga yana maida shi baya. Ina cewa tafi, yana cewa dawo. Gida ɗaya mai gida biyu!"

Ya wurga shi cikin gona. Daidai nan rago ya kai wa sirdi ƙaho. Murfin tanki ya yi tsalle, ya gangara, ya ce cuɓul cikin korama, da kakinsa da komai. Aka shiga lalube, aka fito da kwaɗo biyu da tsohon takalmi.

"Ku bar shi," in ji Injiniya. "Dama hujajje na."

Ya sami totuwar masara, ya naɗe ta da tsumman goge hannu, ya cusa a bakin tanki. Tsumma kuwa iska na ratsa shi yadda take so. Ba tare da ya sani ba, ya warkar da baburinsa sarai, bayan ya gama cire duk abin da ake tsayar da babur da shi.

"Ku tura!"

Suka tura. Ya murɗe totur har ƙarshe. Inji ya yi wata irin kururuwa da bai taɓa yi ba tun zuwansa ƙasar Hausa, ya tsallake korama, ya hau tudu, hula ta tafi.

A ƙofar gidan Malam Maccido akwai fili mai faɗi da ceɗiya a tsakiya. Dattawan gari na zaune, liman a gaba, wanzami na wasa aska, Ɗangiwa maroƙi na tsaye yana gyaran murya. Ragon Maccido na turke yana tuƙa. Maccido da kansa na zaune ya harɗe, yana jan carbi, ya riga ya dubi rana sau biyu.

Sai aka jiyo ƙara daga arewa.

A al'ada mutum ba ya tunkarar surukinsa a kan abin hawa. Tun daga nesa ake sauka, a tuɓe takalmi, a durƙusa. Armaya'u ya san wannan, kuma ya yi niyya. Da ya hango ceɗiya ya saki totur. Totur ya zauna inda yake. Ya taka birki, ƙafarsa ta taka iska. Ya damƙi kuloci, ya tuna yana aljihu. Ya laluba famfon mai, ya ji ɗaurin da shi da kansa ya yi alfahari da shi. Ya kai hannu ya fizge wayar fulogi, wuta ta fizge shi tun daga yatsa har ƙeya, ya saki yana salati.

Ya shigo fili kamar an harbo shi.

"Salamu alaiku-u-um!"

Kafin a ce wa alaikumus salamu ya wuce, ya kewaya bayan rumbuna, ya ɓace. Dattawa suka dubi juna.

Maccido ya ce a hankali, "Wa ke nan?"

Na'Allah ya ce, "Surukinka na, Yaya."

"Ina za shi?"

Ƙara ta dawo ta ɗaya gefen. Wannan karon Armaya'u ya ƙudura ko ba zai sauka ba, zai yi ladabi. Ya sa yatsa ya zare takalmin dama, ya karkaɗe na hagu. Na dama ya faɗa cikin faifan goro, na hagu ya sami Ɗangiwa a baki yana shirin buɗe shi. Sannan ya sunkuyar da kai kan tanki, iyakar durƙuson da babur ke bari.

"Allah shi gafarta Malam! Mun same ku lafiya-a-a!"

Ya wuce.

Mata sun riga sun hau turame suna leƙe ta kan darni. Hinde, mahaifiyar Maccido, kakar Safara'u, wadda tsufa ya ba ta izinin faɗin abin da ta ga dama, ta fito har bakin zaure da sandarta. Tsakaninta da mijin jikarta dama wasa ne.

Da ya sake ɓullowa ta ɗaga murya, "Angona! Sauko ka sha kunu, ya huce!"

"Ba ya tsayawa, Iya!"

"To ka ce mai don Allah!"

"Za shi mutu da kai nai! Tun safe mutuwa shi ka yi!"

Wani ya yi ihu, "A bari mai shi ƙare!"

"Jiya nic cika shi fal!" in ji Armaya'u, kuma ko a cikin wannan hali sai da aka ji ɗan alfahari a muryarsa.

Ya wuce. Ana jin sa a bayan rumbuna yana roƙon babur. "Mutu mana! Ɗan uwa, mutu! Ɗazu ba roƙonka niy yi ba!" Babur kuwa ya sami lafiyar da bai taɓa samu ba, sai ƙara kaimi yake.

A nan Na'Allah ya matso ya durƙusa gaban liman. "Allah shi gafarta Malam, a yi adalci. An ce in rago ya iso kafin fatiha. Ga rago nan mun gani da idonmu, har sau uku."

Liman ya shafa gemu. Wannan mas'ala ce da bai taɓa cin karo da ita a littafi ba. Dattawa suka rabu biyu. Wasu suka ce duk abin da ido ya gani a ƙofar gida ya iso. Wasu suka ce ko shaho ma ana ganinsa a ƙofar gida. Wanzami ya ce shi dai a ba shi kan yaro. Aka juya ga Maccido.

Maccido ya ja ƙwayar carbi ɗaya. "Ni cewa niy yi in ya iso. Wanga wucewa shi ka yi."

Liman ya ce, "Hakane. Matafiyi bai zama baƙo ba sai ya sauka. In ƙafar rago ta taɓa ƙasa, ya iso. Amma rana ta yi, jama'a na da gona. Zagaye ɗaya za mu ƙara jira."

Na'Allah ya ruga tsakiyar fili, da babur ya ɓullo ya bi shi a guje yana ihu, "Sauke ragon! Liman ya ce ƙafa tai ta taɓa ƙasa! Ragon kawai!"

Armaya'u ya ji. Ya riƙe kan babur da hannu ɗaya, ya mai da ɗayan baya yana laluben igiya. Igiya biyu ce a wurin, ta ɗaure rago da babur, da ta ɗaure ƙafafun rago. Ya kama ƙulli ya ja. Da ya ji bai saki ba ya kama ɗayan ma ya ja, don Injiniya ba ya aiki rabi. Daidai gaban tabarmar liman rago ya sulluɓe, ya yi juyi ɗaya a iska, ya dira da ƙafa huɗu, sakakke.

"Ya iso!" Armaya'u ya yi kururuwa yana wucewa. "Ku shaida! Abdulkari-i-imu!"

Rago ya tsaya. Ya dubi jama'a. Ya dubi mahauci da wuƙa a hannu. Ya dubi babur da ke shirin juyowa. Dabbar da take a gicciye tun asuba, ta faɗi a yashi, ta sha hayaƙi, ta zagaya Kebbe sau huɗu, ba ta bukatar a yi mata bayani. Ya tsallake liman, ya bi ta tsakanin ƙafafun Ɗangiwa, ya kama hanyar Tambuwal da gudun da ko babur ɗin bai yi ba. Samari suka bi shi, suka dawo da numfashi kawai.

Ana jiyo ƙarar inji daga nesa.

Na'Allah ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Amma dai ƙafa tai ta taɓa ƙasa."

Maccido ya ce, "Ta taɓa. Liman, a yanka shi."

Liman ya dubi hanyar da rago ya bi, inda ko ƙurarsa ta kwanta. Ya dubi turke. Ya ɗaga hannu ya ce, "A yi salati ga Annabi."

Shi kuwa Armaya'u, da nauyin rago ya bar bayan babur, sai gaba ya fara rawa. Ya kasa kewaya rumbuna. Ya ratsa ta cikin shanyar barkono, ya ɗauki zanen wata a wuya, ya keta darnin garke, shanu suka watse, ya nufi tudun taki da ake tarawa tun farkon damina, wanda ruwan ƙarshe ya jiƙa ya yi laushi kamar tuwo. Babur ya shige har sirdi. Mai shi ya wuce ta kan hannun babur, ya shige har kafaɗa.

Inji ya yi tari biyu, ya mutu.

A cikin wannan shirun, muryar Ɗangiwa ta taso daga ƙofar gida, garau, duk da kumburin leɓe:

"Jama'a, sunan yaro Almustafa! Allah shi raya Almustafa!"

Mata suka rangaɗa guɗa.

Na'Allah da wanzami ne suka jawo shi ta ƙafa. Ya zauna a kan taki, riga mai aska biyu ta koma launin da ba shi da suna, tabarau ido ɗaya. Ya tuna tsohuwarsa a Sanyinna, zaune tana jiran mai albishir, bakinsa ya mutu na ɗan lokaci, abin da ba a taɓa gani ba. Sannan ya waiwaya ya dubi babur.

"Kun ji ya mutu ko? Na faɗa muku za shi mutu. Ni na san halin abina."

Aka kawo shi gaban surukinsa ba takalmi, ya durƙusa, ƙudaje na yi masa rakiya. Maccido ya dube shi da tausayi ya ce, "Sannu da hanya. Yaushe kat taso?"

Sai dai nasarar Maccido ba ta yi nisa ba. Da aka fito da jariri aka miƙa wa Hinde, ta karɓe shi ta buɗe baki za ta kira shi, ta rufe. Almustafa sunan mijinta ne, ba ta taɓa faɗarsa ba tun tana amarya, ba kuwa za ta fara da furfura ba. Maccido ma ba zai kama sunan ubansa gatsau ba, haka Na'Allah, haka duk wanda ke cikin gidan. Dole sai an nemo wa yaro sunan da baki zai iya ɗauka.

Hinde ta leƙa fuskar jariri, ta leƙa ubansa da ke tsugune yana ɗigar taki, ta dubi sawun taya da ya yi wa ceɗiya ƙawanya.

"Taho nan, Zagaye," ta ce. "Taho ka ga tsohonka ya iso."

Yaro ya girma, ya yi karatu, ya yi aure, ya yi furfura. Daga Kebbe har Fakku, in ka ce Almustafa ba wanda zai gane, in ka ce Abdulkarimu sai a ce ba a nan ba. Amma ka ce Malam Zagaye, ko akuya sai ta nuna maka gidansa.